Sunanka a Jikin Kofi

Zuwa ga hasken idona, sanyin zuciyata, inuwar da nake gudu in fake a cikinta, mai fushi da ni ba da wani laifin kirki ba,

Gaisuwa mai tarin yawa daga Tambuwal, da fatan kana lafiya, kai da babur ɗinka da shanun Kebbe da kake bi ruga-ruga kana yi wa allura. Su dai sun more, kullum suna ganinka. Ni matarka kuwa, Juma'a biyu ke nan ina kasa kunne ga ƙarar babur a ƙofar gida, in na leƙa sai in tarar na maƙwabta ne!

Kada ka ce mini hanya ce ta lalace, na san abin da ya hana ka zuwa. Ran nan ka ce in kira ka da sunanka sau ɗaya tak, na ja mayafi na rufe fuska ina dariya, kai kuwa ka ajiye shayinka rabi ka tafi. Ka ɗauka rashin so ne? Haba abin ƙaunata! Laifina ne da aka raɗa maka sunan mahaifina? Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan nan ya fito daga bakin wata mace a gidanmu ba. In na ɗauko shi daga zuciya, yana zuwa kan harshe sai ya noƙe. Amma fushinka ya hana ni sukuni, kuma ina tsoron ka saba da nesa.

To, kwance ƙunshin da ke tare da wannan takarda. Kofi ne na ƙarfe mai murfi, irin waɗanda nake ƙawata wa amare. Sunayen mutane nawa na rubuta a jikin kofuna ban ko yi kuskure ba? Naka kuwa sai da na goge sau uku.

Na shafe shi da gam, na barbaɗa masa garin ƙyalƙyali. Ƙasansa shuɗi ne mai duhu, kamar hadarin da ya tare mu a hanyar Fakku. Ka tuna? Babur ya kafe a taɓo, muka fake ƙarƙashin tsamiya, muka sha fura da ludayi ɗaya, kana rantsuwa ba ka jin sanyi alhali haƙoranka na kaɗawa. Samansa kuma ruwan zinari na sa, launin dawa in ta nuna. Sannan na fiƙe alƙalamin kara irin na makarantar Baba, na tsoma a farin fenti, na yi bisimilla, na rubuta sunan nan harafi bayan harafi, gumi na keto mini kamar mai sussuka.

Da fentin ya bushe na haɗa rezin, ruwan nan mai yauƙi da ke daskarewa ya koma kamar gilashi. Shi fa sai kofi na juyawa ba tsayawa, in ba haka ba ya tsiyaye gefe guda. Ina gama shafawa aka ɗauke wuta, injin juyawa ya yi tsit! Wayyo ni! Na naɗe kan muciya da soso, na cusa cikin kofin, na zauna ina mirginawa da hannu tun hantsi har la'asar, ina korar ƙuda da ɗaya hannun. Goggonka ta daɗe tana kallona, ta tabbata rashinka ya taɓa mini kai, tunda ga ni ina tuƙa tuwo a iska. Da aka kira azahar ita ta karɓe ni na yi salla, tana juyawa tana mita. Har yau akwai ƙyalƙyali a girarta, ban gaya mata ba.

Yanzu ya bushe ƙam. Ruwa ba ya wanke sunan, farce ba ya kankare shi. Zuba furarka, za ta riƙe sanyi har ka gama zagayen rugage. Kada dai ka bar shi a rana, kada ka dirje shi da soson ƙarfe.

Ya tauraron asubahina, ya ruwan farkon daminata, me kuma kake so in yi? Ina sonka, ga shi na faɗa ba kwana-kwana. Ka dawo ran Juma'ar nan, ka taho da kofin. In Goggo ta fita unguwa zan sakaya ƙofa, in riƙe shi da hannu biyu, in karanta maka abin da ke jikinsa. Sau ɗaya ne, a hankali, kuma da sharaɗin ka juya mini baya. Ka matso kusa sosai, don ba zan maimaita ba.

Taka ce ni yau da gobe, har furfura ta cika mana kai,
Hamdiyya