Agogon da na tsoma a randa

Assalamu alaikum Kawu Sale,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya gida, yaya Inna Hanne da yara? Mu nan Nasarawa lafiya lau.

Kawu, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Agogonka da ya tsaya lokacin da ka zo, ba wajen kamun kifi ya sha ruwa ba. Ni na wanke rigarka yana cikin aljihu. Na ji kana cewa yanzu a dajin farauta sai ka dubi rana kafin ka yi salla, kunya ta hana ni magana.

Da na ci jarrabawa, Hajiyar gidan da Baba yake gadi ta ce in zaɓi kyauta. Na ce agogon maza. Ta yi ta dariya, "Binta, wa kika samu?"

Mai kanti ya ce baƙin mai hannun roba ba ya shan ruwa. Ban yarda ba, na tsoma shi a randa daga azahar har la'asar. Yana nan yana tafiya.

Baba ya ɗauka nawa ne, amma na naɗe maka shi cikin wannan takarda. Ka yafe mini, ka sa ni a addu'a. A gaida kowa.

'Yarka,
Binta