Na Samo Miki Baƙar Ƙanƙara

Ya Piret, hasken da ya wuce ranar hunturu daɗewa a idona, tsuntsuwar da ke tashi ba ta bar ƙasa ba, ina gaishe ki daga bakin tafkin Peipsi.

An ɗauke gasar ƙasa ta tseren jiragen ƙanƙara daga garin Haapsalu, kin dai sani, tunda dusar ƙanƙara ta binne filin can. Mu masu duba tafkuna aka tura neman wani filin. Na sauka kudu har Latbiya, na tarar da farar ƙanƙara mai ruɓewa kamar tsohon burodi. Na juyo arewa maso gabas, sai ga ta a gaban garin Mustvee, baƙa wuluk, garau, har ina hangen ciyayin ƙarƙashin ruwa. Na huda, kaurinta ya wuce taƙi. Na doke ta da sanda, ta amsa da amo kamar ƙararrawa. Kaico, da kin ji!

Kin tuna bara, a rumfar mahaifinki Kalju, kina wasa wuƙaƙen nan uku da jirginki ke gudu a kansu? Na fara maganar aure, kika ce ba tare da kin ɗago ba: "Urmas, ka samo mini baƙar ƙanƙara marar tsaga tukuna, sai ka tambaya." Tsohon ya tuntsire da dariya: "Wannan? Ko a cikin firji ba zai gane ta ba, 'yata!" A gaya masa na gane ta, kuma faɗinta ya fi ƙarfin idonsa.

Wa ya kai ni alfahari? Ni na ga ranar da kika tura jirgi da gudu, kika faɗa ciki, kika ja igiyar ƙyallen da ke kama iska, kika wuce mazan da ke kiranki 'yar koyo, iskar da ke tura ki ma kika bar ta a baya. Duk rumfar da na shiga shan shayi sai an tambaye ni ko za ki zo, ni kuwa sai in gyara tsayuwa kamar ni na haife ki.

Amma ki yi hanzari, ya abar ƙaunata. Ana hasashen dusar ƙanƙara a ƙarshen mako, in ta sauka kuwa, baƙar ta tafi, sai wata shekara ko ma ba ita ba. Ɗaure jirgin a kan mota ki kamo hanya. Na kama muku ɗaki, ke da mahaifinki, wajen wata mai sayar da albasa, ta yi alkawarin kyafaffen kifi, ko bakin tsohon zai samu aikin yi.

Ke kika koya mini cewa jirgin ƙanƙara ba shi da birki, mai son tsayawa sai ya juya ya fuskanci iska. To, idan kin ƙetare layin ƙarshe, ki juya. A can inda iska ke fitowa za ki gan ni tsaye, hula a hannu, tambayata a baki. In kin so, ki sake cika ƙyallen da iska ki wuce, ba wanda zai cim miki. In kuwa kin tsaya, na ji amsa.

Naki, a kan ƙanƙara da bayan ta narke,
Urmas