Kwalabe Ashirin da Huɗu da Yatsan Deolinda

Dona Natércia, mai shafin shawara a jarida, ina gaisuwa. Don Allah ki taimake ni da shawara, domin a ƙauyen nan babu wanda zan tambaya maganar ba ta riga ni isa gida ba. Ki yi haƙuri da rubutuna. Ban taɓa zama a aji ba, a soja wani kofur ya koya mini baƙi, shi ma rabi ya sani. In kin ga layi ya gangara, hannun ne ya saba da tudun garinmu.

Shekarata saba'in da tara. Haɗa gangar zuba giyar inabi ita ce sana'ata, na fara ta tun ana ɗora gangunan a kwale-kwale a bi kogin Douro da su. Ban faɗa miki don yabon kai ba, sai don ki san ba katako ne ya gagare ni ba. Kantar katako nake haɗawa a gida, ta kwantar da kwalabe, gurbi ashirin da huɗu, shida a jere, hawa huɗu. Aikin kwana biyu ne ga irina. Yau wata biyar ke nan ina fama.

Shekarar da aka haifi 'yata Filomena na yi abin da iyayenmu ke yi, na ware ƙaramar ganga ɗaya daga inabin shekarar, mai zaƙi, irin wadda ke daɗewa, ba za a taɓa ta ba sai ranar auren yarinyar. Bayan shekara biyu muka ɗura ta a kwalabe ni da matata Deolinda, Allah Ya ji ƙanta. Kin san ana yi wa kwalba farin tabo a gefen da ke kallon sama, don wanda ya ɗaga ta ya san yadda zai mayar da ita, kada guggubin da ya kwanta a ciki ya tashi. Kowa da buroshi yake yi. Deolinda ta ce ita buroshi bai san ta ba. Ta kwaɓa farar ƙasa a murfin tukunya, tana tsoma babban yatsanta tana dangwala wa kowace. Har yau layukan yatsan suna nan, har da tabon da wuƙar yankan inabi ta yi mata tana budurwa. Ba ta iya rubuta sunanta ba, ba ta bar wasiƙa ba, hotonta guda ɗaya ne kuma a ciki ta juya tana korar kare. Yatsun nan ashirin da huɗu su ne abin da ta bar mini da hannunta.

Muka kwantar da su a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan ubanmu. Gidan ya faɗa hannun yayana a rabon gado, rabon da ba zan buɗe miki bakinsa ba don takardar ba za ta isa ba, amma ɗakin ƙasan an yarda ina da kusurwa ɗaya a ciki.

Filomena ta girma ta tafi Suwizalan aiki a asibiti. Can ta haɗu da wani dogo, fari fat kamar ba a gama dafa shi ba, mutumin da ke shan madara a kan abinci. Ta kawo shi sau ɗaya lokacin tsinkar inabi. Na ce ya tuɓe takalmi ya shiga kwamin dutse ya taka inabi tare da maza don a matse ruwansa, ya shiga, bai yi minti goma ba ya zame ya zauna a ciki, gari ya yi dariya. Ni kuma na faɗi gaskiya a gaban kowa, na ce ba zan ba da 'yata ga wanda ƙafarsa ba ta iya riƙe shi ba. Gaskiya ce ai. To shi ke nan fa, bayan wata huɗu sai waya, wai sun ɗaura aure a ofis, ranar Alhamis, da shaidu biyu. Ba coci, ba ƙararrawa, ba uba. Ranar Alhamis, Dona Natércia! Ranar da ake kai jaki a yi masa kofato. Shekara goma sha bakwai ke nan, kuma kwalaben suna nan cif, tunda ba a yi biki ba.

Da uwarta ta rasu, shekara shida da suka wuce, ta zo. Bayan an dawo daga maƙabarta ta ce, "Baba, mu buɗe ɗaya don Inna." Na ce giyar biki ce, ki nuna mini bikin. Ta ɗauki jakarta. Tun daga nan gaisuwarmu ta koma ta Kirsimeti, ta tambayi gwiwata, in tambayi sanyin garinsu.

A watan Fabrairu ɗan yayana Custódio, yaron da na koya wa riƙon guduma, ya sayar da gidan ga masu saukar baƙi. Bai gaya mini ba. Na dawo daga gona na tarar da kwalabena a ƙofar gida cikin akwatin lemo, a tsaye, kamar sojojin da aka kora daga bariki. Shekara arba'in da ɗaya suna barci a gefe guda, ya tashe su a bayan mota. Da na yi magana sai ya ce, "Haba Baffa, ai ko ɗaya ban fasa ba." Ban ƙara yi masa magana ba, a coci ma na sauya benci.

Filomena ta ji labari, ban san daga bakin wa ba, ko da yake na sani, maƙwabciyata Perpétua ce. Sai ga mota ta kawo mini kantar ƙarfe a kwali, wai mijinta ne ya zaɓa. Ni, a aiko mini da ƙarfe! Na kai ta akurki, kaji suna kwana a kai, sun ce in gode masa. A cikin kwalin akwai takarda, ta ce za su zo tsinkar inabi a watan Satumba, ita da shi da 'yarsu, in na yarda. Ban amsa ba. Na ce sai na gama kantar.

Da katakon gangar nan ta shekarar haihuwar Filomena nake yi. Na warware ta, na kankare, cikin katakon har yanzu ja ne, in zarto ya shiga sai ƙanshin shekarar ya tashi. Ban sa ƙusa ko ɗaya ba, turaku na feƙe. Na auna da taƙin hannuna, ba na amfani da tef. Inda na zaɓa mata shi ne bangon ɗakin girki, tsakanin murhu da taga, daidai inda kujerar Deolinda take.

A nan ne fa nake ɓata. Da la'asar rana tana sauka ta bayan tudun da ke ƙetaren kogi, ta shigo ta tagar a kwance. Wata rana na ɗora kwalba ɗaya don in gwada faɗin gurbin, sai hasken ya ratsa ta. Gilashin ya koma kore mai duhu kamar ruwan kogi a ƙarƙashin gada, farin yatsan ya fito a kai kamar yanzu Deolinda ta ɗaga hannu. Na zauna. Sai na ji kiɗan daren taka inabi daga nesa, na ga ta tattare siket, ƙafafunta jajaye har gwiwa, tana harara ta wai ina taka mata yatsa. Na ji ƙanshin miyar kabeji da burodin masara. Na ga Filomena tana rarrafe tana bin ƙyallin hasken a ƙasa tana son kama shi. Ban farga ba sai da kaji suka fara shiga da kansu. Tun ranar, kullum haka. In ɗauki guduma da azahar, in ɗora kwalba don gwaji, in zauna, rana ta faɗi. Wani lokaci in ga gurbi ɗaya ya karkace da kaurin gashi, in warware jerin gaba ɗaya.

Perpétua ta leƙo ta taga shekaranjiya ta ce, "Kai tsohon banza, giyar kake so ka dafa ko miya? Wa ya taɓa ajiye kwalba a gindin murhu rana na dukanta?" Na ce ta je ta ji da gashin bakinta. Amma na sani, ba sai ta faɗa ba. Zafi da haske suna kashe giya. Matoshan ma na san suna bushewa tunda kwalaben a tsaye suke, biyu har giyar cikinsu ta fara sauka daga wuya. Ina da ɗaki mai sanyi da duhu ta arewa, inda nake ajiye dankali. Sai dai in na kai su can na sake binne Deolinda ke nan, kuma sau ɗaya ya ishe ni.

To ki gaya mini, ke da kika yi karatu. Akwai wani mai ko fenti da ake shafa wa katako ya tare zafi? In na rataya labule rabin yini fa? Kada ki ce mini in yi haƙuri da kowa, wannan Fadan cocinmu yana faɗa kowace Lahadi. Maganar kanta na tambaye ki.

Tsohon mai ganguna, daga saman tudu

*

Baba mai ganguna, na karanta takardarka sau biyu, layukan da suka gangara ma na bi su har ƙasa. Maganar kanta ka tambaya, da ita zan fara.

Babu mai, babu fenti, babu labulen da zai hana murhu da ranar Agusta su lalata giyar da ta haura shekara arba'in. Ka fi ni sani. Saboda haka yau ɗin nan, kafin ka kai ƙarshen shafin, ka shimfiɗa tsohon bargo a ɗakin dankali, ka kwantar da su a hankali, farin tabon yana kallon sama. Ka riƙa dubawa kwana biyu, duk wadda ta jiƙa bargo ko ta sauka daga wuya ka ware ta gefe, ita za a fara sha. Gobe kuma ka je akurki ka karɓo kantar ƙarfen nan, ka wanke ta da ruwan zafi, ka kai ta ɗakin. A cikin duhu kwalba ba ta tambayar wa ya zaɓi abin da take kwance a kai. Kajin ka yi musu sanda, aikin rabin awa ne.

Kantarka kuwa ka gama ta, kuma ka bar ta inda ka zaɓa, tsakanin murhu da taga. Ka kafe ta da bango sosai, kada ka shafa mata komai, ka bar jan katakon da ƙanshinsa. Wurin ya dace, kwalaben da kake son ɗorawa ne ba su dace ba tukuna. Yatsan Deolinda a jikin gilashi yake, Baba, ba a cikin giyar ba. Kwalbar da aka shanye ba ta tsoron rana, hasken ma zai fi ratsa ta. Cikakku su zauna a duhu, wadda aka sha a ɗauraye cikinta kawai, kada ruwa ya taɓa tabon, ta hau kantarka.

Ka ga ke nan kantar ba za ta cika ba sai an buɗe, kuma giya irin wannan ba a buɗe ta mutum shi kaɗai.

Ba zan ce ba a ɓata maka ba. Custódio ya yi rashin hankali. Filomena ma ta hana ka ranar da ka yi shekaru kana tanadi dominta, wannan ciwo ne na gaske, kuma ya kamata wata rana ta ji shi daga bakinka, a zaune, ba ta waya ba. Amma kai da hannunka ka rubuta mini yadda ka kunyata mutumin da take so a gaban gari, yana zaune cikin inabi. Mutumin nan ya tuɓe takalmi ya shiga don kai. Yarinyar ba coci ta guje wa ba, tsoro ta ji kada ka maimaita a bakin ƙofarsa. Ta roƙe ka kwalba ɗaya ranar da ta binne uwarta ka hana, duk da haka ga ta tana neman izinin zuwa. Auren da ka ce ƙafa ba za ta riƙe shi ba ya tsaya shekara goma sha bakwai.

Kuma mutumin da ya yi shekara hamsin yana haɗa gangar da ba ta yoyo ba ya yin wata biyar a kan kanta ɗaya. Ka ce ba za ka amsa mata ba sai ka gama, shi ya sa kake warwarewa.

Ka rubuta mata a makon nan, layi biyu sun isa, ko sun gangara za ta karanta. Kwana biyu kafin su iso ka tsayar da kwalba ɗaya guggubin ya sauka, ka tanadi tsumma mai tsabta na tacewa. In matoshin ya ruɓe, ka fi ni iya cire wuyan kwalba da zazzafan awartaki. Ka fara zuba wa mai shan madara. Ban yi maka alkawarin duka za su yi daɗi ba, wata biyar a tsaye ba wasa ba ne, wataƙila wasu sun lalace. Ko da tsami ta yi, ku ɗaga kofi ku yi dariya, kwalbar dai za ta hau.

Sannan da la'asar ka ba jikarka kwalbar ta ɗora a gurbin farko da hannunta, ka nuna mata tabon wuƙar, ka gaya mata sunan mai yatsan. Sauran gurabe ashirin da uku kada ka yi musu gaggawa, amma kada ka yi musu rowa.

Allah Ya ba gwiwa lafiya, Ya kai mu Satumba, Ya sa ka ga bangon nan ya cika da haske.

Natércia