Sanda, Ashe Ƙarya Ka Yi Ta Karanta Mini A Sinima

Zuwa ga Sanda, abokin zamana na kujerar baya, da ke can Ƙonni.

Bayan gaisuwa da tambayar iyali. Tunda waya ba ka ɗauka, na sa an rubuta wannan inda 'ya'yanka za su gani su karanta maka. Idona yana tafiya, Sanda. Yanar ido ta rufe na hagu, na dama ma ya soma. Ina so ka zo Kwatano kafin ya ƙarasa, akwai maganar da sai ido da ido.

Ka tuna finafinan da muke shiga, waɗanda 'yan Zongo ke ficewa suna tsaki? Ba duka, ba rawa. Mu biyu muke saura da mai shara. Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba, kai ke karanta mini faransancin da ke gudu a ƙasan allo, bakinka a kunnena, kana warin goro.

Wanda na fi so shi ne na mutumin da ya ɗauki ƙofa a ka yana bin bakin teku, ya kafa ta a rairayi, ya ƙwanƙwasa, ya sake ɗauka. Ka ce gidan uwarsa yake nema, teku ya cinye. Na yi hawaye, na ce hayaƙin sigari ne. Shekaru ina bi ta unguwar Placodji a bakin teku, in na ga ruwa sai ya faɗo mini.

To Hadiza, 'yata mai aiki a Ganhi, ta nemo mini shi a waya, ta karanta mini rubutun tiryan-tiryan. Babu uwa, babu gida. Mutumin surutu yake a kan ciwon haƙorinsa da tsadar kifi! Na ce ta maimaita, ta maimaita. Ashe bokon naka bai wuce "bonjur" ba. Kuma da bakin nan kake ce mini, "Jahili, yi shiru ka ji ilimi."

Ban yafe ba, kada a faɗa maka na yafe.

Sai dai na gaji. Na sa ta karanta mini wani, na matar da ke shanya inuwarta a igiya, daidai yadda aka rubuta. Barci ya ɗauke ni. Fim ne marar gishiri, har na ji kunyar yadda na taɓa yabonsa a wurin mai shayi. A bakinka kuwa matar nan har suna gare ta, da ƙanwar da ta ɓata. Hadiza yarinyar kirki ce, ba ta ƙara ko kalma ɗaya, abin da ya kashe finafinan ke nan.

Ka shigo mota ka zo. Tabarma tana nan, ɗan zem zai ɗauko ka a babur daga tasha. Za mu yi faɗanmu tukuna, sannan a kunna fim, ka matso kusa da kunnena na dama, shi ne mai ji.

Allah ya ba ka lafiyar hanya, ya bar mini ɗan hasken da zan gane ka a bakin ƙofa. Amin.

Naka, da fushinsa,
Baba Ilu, Zongo.