Kuncin Shigezo da Gindin Bindigarsa

Zuwa ga Yayana Tsuneo,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a gare ka da iyalinka. Ina fata sanyin Asahikawa bai tayar maka da ciwon gwiwar nan ba. Kullum da safe idan na kunna turare a gaban hoton Inna, sai na roƙa muku lafiya. Mu nan Kurumisawa mun gama yankan shinkafa, 'yarmu Haruka kuma ta sauka lafiya, an samu mace. Da a ce wannan ne kaɗai labarin, da na ji daɗin rubuta shi.

Yaya, wata beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan mai gashi da manyan farata, ta shigo mana gari. Da farko 'ya'yan itacen kaki take ci a bayan gidaje, muna kaɗa mata garwa tana gudu. Makon jiya ta tarar da Tome, matar maƙwabcinmu Kikuji, a gonar kabeji da rana tsaka, ta yage mata fuska. Tana asibiti, ido ɗaya ya tafi. Ka san duk maharban garin nan sun mutu ko sun ajiye bindiga, saura maigidana Shigezo. Shi kowa ya zuba wa ido.

Abin da ban gaya maka ba shi ne, aikin tiyatar da aka yi masa a muƙamuƙi da bazara ya cinye masa kuncin dama, wurin ya lotsa. Yanzu idan ya kwantar da kunci a gindin bindiga, idonsa faɗawa yake ƙasa da madubin saiti. Ya naɗa tawul a gindin bindigar ya ɗaure da zare, ya bi sawun beyar har bakin rafi. Tawul ɗin ya zame daidai lokacin da ya harba, ya same ta a cinya, ta shige daji da rauni. Ya dawo ya zauna a bakin ƙofa bai ko cire takalmi ba, ya ce shekara arba'in bai taɓa barin dabba da ciwo ba, yau ga shi ya ƙara wa gari masifa da hannunsa. Kikuji ya zo yana ta faɗa, wai in tsufa ya kama shi ya faɗa, a ba wa tsoffin mata bindigar su gwada.

Mai gyaran bindiga na birni ya ce maganin shi ne a yanke saman katakon gindin bindigar, a dasa masa sandunan ƙarfe biyu, yadda za a riƙa ɗaga shi ana saukewa har ya dace da kuncin, a ɗaure da noti. Amma wai aiki ya yi masa yawa, sai bayan dusar ƙanƙara ta sauka. Shigezo ya ce kafin nan an binne wani. Jiya na same shi a rumfa da zarto yana yanka da kansa. Yankan ya karkace, katakon ya fara tsagewa ta wajen mariƙi. Na fizge zarton na ɓoye a cikin buhun shinkafa. Na ce bari in kira ka, ya ce mai ƙera kujerun zama ba zai taɓa masa bindiga ba. Da muka zauna cin abinci kuma, kansa a sunkuye, sai ya tambaye ni ko har yanzu idonka na gani sosai.

Ya rantse ranar Lahadi zai hau dutse ya bi beyar, ko an gyara ko ba a gyara ba. Na yi kuka, na roƙe shi, na ce ya tuna da jikarsa da bai ko ɗauka ba, ya ce ai saboda ita zai je. Don girman iyayenmu ka taho da kayan aikinka, Yaya. Babu wanda ya san katako kamar ka, ni kuma ba ni da wani sai kai.

Ka gaida matarka Yaya Michiyo, da ɗanka Noboru da matarsa, da 'yar ƙaramar Sayo. Kada ka tsaya ba ni amsa. Daga gobe duk motar da ta shigo garin nan, ina tsaye a tasha.

Ƙanwarka,
Fumie