Bakina Ya Hana Matar Tela Shan Magani

Zuwa ga 'yata Dakta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya sa wa aikinki albarka. Mu nan sai godiya. Ƙafar matar kawunki ta yi sauƙi har ta koma yi mini faɗa, Auta kuma ya samu aikin da yake nema.

Maganar da zan yi miki, wallahi nauyinta nake ji. Kwanan baya Auta ya nuna mini a waya yadda likitocin ƙasashe daban-daban ke kafa hujja da bincikenki kan sankarar jini, irin wadda ke daɗewa a jiki. Ya yi mini bayani dalla-dalla, cewa dalilin da ke sa cutar ta daina jin magani a jikin wasu kika gano, ba sabon magani kika haɗa ba. Na ji sarai. Amma kin san kawunki da baki. Ina isa bencin ƙofar shagon mai aski na ƙara wa zancen gishiri, na ce 'yar ƙanwata ta gano maganin da ke kashe cutar murus, har na bugi ƙirji cewa in na ce ki aiko, sai kin aiko.

Ashe telan da ke maƙwabtaka da shagon ya tsayar da kekensa yana saurare. Matarsa wannan ciwon gare ta, ban sani ba. Ƙwayar da take sha kullum ta fara gazawa, likitanta ya sauya mata wata. Shekaranjiya telan ya zo gidana da fara'arsa, ya ce sun ajiye sabuwar ƙwayar don kada ta gauraya da naki maganin idan ya iso. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na buɗe baki zan faɗa masa gaskiya, sai na ji kaina ina cewa Allah ya kawo shi lafiya. Da furfurata! Baki shi ke yanka wuya, amma wannan karon ba nawa wuyan ba ne, shi ya fi ci mini rai.

Jiya na yi ta maza na je na ce wa matar ta koma shan ƙwayarta, na ce ni na zaƙe. Ta yi murmushi, ta ce ta san kara nake yi miki, ita sai ta ji daga bakin Dakta. Don Allah ki kira ta yau, Auta zai turo miki lambarta. Ki ƙaryata ni a gabansu, na yafe miki.

Ki gaida maigidanki da Babangida da 'yar Mama. Mahaifiyarki na gaishe ki, ba ta san komai ba tukuna. Telan ma ya ce a gaishe ki, kuma a tambayo masa awonki. Ya riga ya sayi yadin.

Naki,
Kawunki