Muryarka Inna Take So

Zuwa ga ƙanena Tasi'u, a Kumasi.

Assalamu alaikum. Ina yi maka ban gajiyar hanya, da fatan ka sauka lafiya, cikinka kuma ya fara karɓar abincin mutanen Ghana. Mu nan lafiya lau. Inna dai sai ciwon gwiwar nan, mijina Basiru yana gaishe ka, gero kuma ya fara fitar da kai.

Abdulkabir direban motar wake ya kawo takardarka. Wai shawara kake nema a kan layin da za ka saya: ko tsarin kira, ka riƙa bugowa gida kai tsaye, ko na data mai araha, mu riƙa ganin juna a bidiyo. Kai dai hali zanen dutse, autan Inna! Ka gama zaɓa a ranka sannan kake tambaya. Kuma wace irin wauta ce ta sa ka jefar da tsohon layinka a kan iyaka, da lambobin mutane kaf a ciki? Da ba ka haddace ta Basiru ba, da ka ɓata ke nan.

To ga tawa. Ka san ƙauyenmu, kira yana shiga har ɗakin Inna, amma data sai an je kan kwalbatin hanyar Kunci. Wurin nan kuwa ya lalace. Masu ƙwacen waya sun baro birni sun biyo mu gona. Ranar kasuwa suka tare wani mai sayar da taki, suka sare masa yatsu don ya ƙi sakin waya. Da idona na ga jinin a kan siminti, ƙuda na bi.

Ka ɗauki na kira. Inna ta san fuskarka, ita ta wanke ta tun kana tsumma. Muryarka take so. Sai dai Basiru bayanka yake bi, har ya ce zai ba da ƙaramar wayarsa ya yi ciko ya karɓo babba. Dama jirgi ɗaya ya kwaso ku.

Ga kuka da daddawa nan na ba Abdulkabir, kada ka rabar. Ka riƙe salla.

Yayarka,
Kaltume.

*

Zuwa ga Tasi'u.

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, in har mutum zai iya zama lafiya bayan abin da ka gani. Rabin labarin ya faru a kan idonka kafin hoton ya ɗauke. Ga sauran.

Ka tuna ranar Juma'a ce bayan la'asar. Basiru ya goyo mu a babur ni da Inna zuwa kwalbatin, kamar yadda muka saba tun da ka ɗauki datar nan. Inna har da sa mayafinta na salla, wai don ka gan ta fes. Kana nuna mata ɗakinka tana yi maka tsiyar rashin shara, sai mutum biyu suka fito daga cikin dawa, ɗaya da barandami, ɗaya da wuƙa.

Mai wuƙar ya hankaɗe Inna ta faɗa ramin kwalbati. Na ji ƙarar hannunta kamar an karya kara. Basiru ya rungume wayar a ƙirji. Na yi ta roƙonsa ya saki, wallahi na roƙe shi, amma ka san taurin kansa. Aka sare shi a kafaɗa bai saki ba. Aka ƙara masa a ka, jini ya rufe masa ido, yana durƙushe yana laluben inda Inna take. Sai da aka soka masa wuƙa a haƙarƙari hannunsa ya buɗe. Duk wannan muryarka na fitowa daga wayar, kana salati kana kiran sunansa, har mai wuƙar ya shige dawa da muryarka a hannunsa.

Masu noma suka jiyo ihuna. Mai wuƙar ya tsere, amma sun kama mai barandamin a gonar gyaɗa. Tasi'u, ban taɓa ganin mutanenmu haka ba. Da fartanya, da sanda, da hoge, kowa da abin da hannunsa ya kai. Mutanen da kake gaisarwa a masallaci ne fa. Ni ma na ɗauki dutse, kuma na same shi a baki. Gemunsa ko gama fitowa bai yi ba, yana ta kiran uwarsa har ya daina. A lokacin ko ɗigon tausayi ban ji ba. Yanzu kuwa in na ɗaga loma sai in ga bakin nan.

An ɗaure wa Inna hannu. Basiru yana asibiti a Kano, an ƙara masa jini, bai buɗe ido ba tukuna. Ba mu da hanyar kiranka, sabuwar lambarka tana cikin wayar da aka tafi da ita. Ina jin haushinka, ina jin nasa, ina jin nawa da na hau babur ɗin. Ka yi masa addu'a.

Yayarka,
Kaltume.

*

Zuwa ga ƙanena Tasi'u.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, Inna ma tana gaishe ka. Ka zauna kafin ka ci gaba da karatu.

Abdulkabir ya kawo amsarka, cike da hamdala. Ka ce ka yi ta aika saƙo lambar Basiru har aka amsa. Wai 'yan sanda sun ƙwato wayar, wai Basiru ya samu sauƙi, likita ne ya hana shi magana shi ya sa sai dai rubutu. Ka ce kullum kuna hira, har kana tura masa katin waya, kuma ya ce ya yafe maka.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Tasi'u, Basiru ya rasu tun kafin takardata ta biyu ta iso gare ka. Bai farfaɗo ba. An rufe shi a bayan gari, kusa da Baba. Wayar ba ta dawo ba. Hannun da yake rubuto maka gaisuwa kullum, shi ne hannun da ya soka wuƙar.

Na karanta takardarka a tsakar gida na yi ta kurma ihu har maƙwabta suka shigo. Ka ce ka aika masa hotonka kana dariya.

Kada ka zage shi, kada ka sake rubuta masa ko harafi. Ka cire layin nan ka karya shi. Ka je ka sayi na kira, komai tsadarsa. Maimunat maƙwabciyarmu ta ba mu aron ƙaramar wayarta, lambar tana bayan takardar nan.

Inna ta ƙulle wayar a bakin zaninta, ko alwala za ta yi tana jikinta. Da na karanta mata takardarka sai ta ce in ajiye, ita ta daina yarda da rubutu. Ta ce in har wani zai iya zama Basiru a rubuce, to wani ma zai iya zama kai. Ba za ta yarda kana raye ba sai ta ji ka da kunnenta.

Ka kira ta, auta. Ni ba sai ka yi mini ta'aziyya ba, ka dai bari in ji ana sallama da muryar namiji a gidan nan.

Yayarka,
Kaltume, daga ɗakin takaba.